Daga Kilo Zuwa Cikar Ɗaki: Lissafin Iskar Kabon Dayoksaid da Kiyaye Hatsarinta

Iskar kabon dayoksaid, wadda masana sinadarai ke taƙaitawa da alamar CO2, tana cikin abubuwan da ake aunawa da ma'aunai iri-iri, domin mai sayar da ita a tukunya yana lissafinta da kilo, injiniyan da ke tsara ɗakin ajiya yana lissafinta da lita, likitan ma'aikata yana magana da kashi cikin ɗari ko kashi cikin miliyan, su kuwa masu nazarin sauyin yanayi ba sa ambatonta sai da tan biliyan-biliyan. Duk waɗannan alƙaluma abu ɗaya suke bayyanawa, amma kowanne da fuskar da yake kallonsa, kuma wanda bai iya juya ɗaya zuwa ɗaya ba yakan ɗauka cewa ƙaramin adadi ƙaramin hatsari ne, alhali kilo biyu kacal na wannan iska sun isa su mayar da madaidaicin ɗaki wurin da mutum zai iya rasa ransa. Juya ma'auni a nan shi ne matakin farko na kare mai walda, da mai haɗa lemun kwalba, da direban da ya ɗauko magani cikin busasshiyar ƙanƙara, da mai yasar rijiya, kuma lissafin da ake buƙata bai wuce abin da mai ilimin sakandare zai yi a bayan takarda ba.

Tushen lissafin yana cikin ginin iskar kanta. Kowace ƙwayarta ta ƙunshi ƙwayar zarra ɗaya ta kabon, wato sinadarin da gawayi ya fi ƙunsa, haɗe da ƙwayoyin zarra biyu na oksijin, iskar da jiki ke buƙata a numfashi. A ma'aunin nauyin ƙwayoyin zarra kabon yana da 12, oksijin yana da 16, don haka jimlar ƙwayar ta zama 44, kuma daga raba 44 da 12 ne ake samun adadin 3.67, wanda ya fi kowane adadi yawan fitowa a wannan fage. Ma'anarsa ita ce duk kilo ɗaya na tsantsar kabon da ya ƙone ƙurmus yana haifar da kilo 3.67 na kabon dayoksaid, kuma rarar nauyin daga oksijin ɗin da wutar ta zuƙa a sararin sama take fitowa. Wannan ne ke warware abin da kan ɗaure wa mutane kai idan aka ce musu litar fetur, wadda nauyinta bai kai kashi uku cikin huɗu na kilo ba, tana fitar da kimanin kilo 2.3 na wannan iska, litar dizal kuma kimanin kilo 2.7. Gas ɗin girki yana fitar da kusan ninki uku na nauyinsa, saboda haka tukunya mai kilo 12.5, irin wadda ta yawaita a gidajen birni, tana sakin kimanin kilo 37 daga ranar da aka cika ta zuwa ranar da ta ƙare.

Wannan adadi na 3.67 shi ne kuma yake raba rahotannin da ke lissafi da nauyin kabon zalla da waɗanda ke lissafi da nauyin iskar gaba ɗaya. A 'yan shekarun nan duniya tana sakin kimanin tan biliyan 37 na kabon dayoksaid a shekara daga ƙona man fetur da gas da kwal da kuma sarrafa siminti, wanda ya yi daidai da kimanin tan biliyan 10 na kabon, kuma mai karatun da bai lura da wanne aka nufa ba zai ɗauka cewa rahotanni biyu suna ƙaryata juna har kusan ninki huɗu. Akwai kuma ma'aunin da ake rubutawa CO2e, wanda ke mayar da sauran iskokin da ke ɗumama duniya zuwa kwatankwacin kabon dayoksaid, inda ake lissafa tan ɗaya na iskar metan a matsayin kimanin tan 28 idan aka auna tasirinta cikin shekara ɗari. Wannan lissafi na yanayi ne kawai, ba ya faɗin komai game da abin da mutum zai shaƙa a cikin ɗaki.

Su kansu sunayen ma'aunan ba su tsira daga ruɗani ba. Tan ɗin da yawancin duniya ke aiki da shi kilo 1,000 ne, amma gajeren tan na Amurka kilo 907 ne, tsohon dogon tan na Ingila kuma kilo 1,016. Galan ɗin Amurka lita 3.785 ne, na Ingila lita 4.546, galan ɗin da ake sayar da mai da shi a bakin titi kuwa sau da yawa lita huɗu ne ko biyar. Fam na nauyi, wanda ake yawan gani a jikin tukwanen da aka shigo da su daga Amurka, bai kai rabin kilo ba, domin fam 2.2 ne ke yin kilo ɗaya. Idan hukumar kare muhalli ta Amurka ta ce galan ɗin fetur yana fitar da kimanin kilo 8.9, sai an raba da 3.785 kafin a ga cewa maganar ɗaya ce da kilo 2.3 na kowace lita.

Inda lissafin ya fi muhimmanci ga lafiya shi ne juyawa daga nauyi zuwa girman wurin da iskar ke cikawa. Mai sayen hatsi ya san cewa mudu cikar wuri yake aunawa, sikeli kuma nauyi, kuma mudun gero da mudun gyaɗa ba sa zuwa ɗaya a kan sikeli. A wajen iska abin ya fi haka wuya, domin nauyi ɗaya yana kumbura ko ya tsuke gwargwadon zafi da matsi, har ya zama lita ba ta da ma'ana sai an faɗi yanayin da aka auna ta. Gadar da ke haɗa nauyi da girma ita ce ma'aunin da ake kira mol, wato wani ƙayyadadden adadi na ƙwayoyi, kuma bisa ƙa'idar da masanin Italiya Amedeo Avogadro ya gabatar a 1811, mol ɗaya na kowace iska yana cika kusan wuri ɗaya muddin zafi da matsi sun zo daidai. Mol ɗaya na kabon dayoksaid giram 44 ne, yana kuma cika lita 22.4 a digiri sifili na ma'aunin Salshiyas da matsin sararin sama na yau da kullum, ko lita 24.5 a digiri 25. Tun da kilo ɗaya ya ƙunshi mol 22.7, zai cika kimanin lita 510 a digiri sifili, kimanin lita 555 a digiri 25, da kimanin lita 580 a digiri 40, irin zafin da Sakkwato da Maiduguri da Yamai ke gani a watan Afrilu. Ana samun wannan gyara ta hanyar ƙara 273 a kan kowane digiri sannan a kwatanta su biyun, kuma tsakanin sifili da 40 bambancin ya kai kusan kashi 15 cikin ɗari, wanda ya isa ya sa mai aiki a ƙasa mai zafi ya guji kwafar adadi daga littafin da aka rubuta da ma'aunin sifili ba tare da gyara ba. Kubik mita ɗaya, wato cikar akwatin da tsawonsa da faɗinsa da zurfinsa duk mita ɗaya-ɗaya ne, lita 1,000 ne, don haka a taƙaice kowane kilo yana cika abin da ya ɗara rabin kubik mita.

Daga nan sai ma'aunin cakuɗa, wanda ke nuna yawan iskar a cikin abin da ake shaƙa. Ana rubuta shi da kashi cikin ɗari idan tana da yawa, da ppm, wato kashi cikin miliyan, idan kaɗan ce, kuma ppm 10,000 ne ke yin kashi ɗaya cikin ɗari. Kafin zamanin masana'antu sararin sama yana ɗauke da kimanin ppm 280. Lokacin da Charles David Keeling ya fara aunawa a dutsen Mauna Loa na Hawai a 1958 adadin yana wajen 315, ya taɓa 400 a 2013, yanzu kuma ya haura 420, wato kashi 0.042 cikin ɗari. Kowane ppm ɗaya na sararin duniya ya yi daidai da kimanin tan biliyan 7.8 na iskar, abin da ke nuna girman nauyin da ke bayan wannan ƙaramin adadi. Ga ɗumamar duniya wannan hauhawa babban al'amari ne, amma ga huhun mutum ppm 420 ba komai ba ne, domin numfashin da yake fitarwa da kansa yana ɗauke da kimanin kashi huɗu cikin ɗari, wato ppm 40,000, kuma baligi yana fitar da kusan kilo ɗaya a yini. Tun a 1858 masanin tsabtar muhalli na Jamus Max von Pettenkofer ya ba da shawarar a ɗauki ppm 1,000 a matsayin alamar cewa iskar ɗaki ta fara tsufa, kuma ajin makaranta mai cunkoso da aka rufe tagoginsa saboda hunturu yana wuce wannan cikin sauƙi, abin da ke taimakawa wajen kasala da gyangyaɗin ɗalibai.

Iyakokin wurin aiki sun fi haka nisa. Hukumar lafiyar ma'aikata ta Amurka, OSHA, ta ƙayyade ppm 5,000, wato rabin kashi ɗaya cikin ɗari, a matsayin matsakaicin abin da ma'aikaci zai shaƙa cikin awa takwas, cibiyar binciken lafiyar ma'aikata ta ƙasar, NIOSH, kuma ta sa ppm 30,000 a matsayin iyakar ɗan gajeren lokaci, ta kuma ayyana ppm 40,000 a matsayin matakin da ke barazana ga rai nan take. Hukumar lafiyar ma'aikata ta Ingila ta fi tsanantawa a kan gajeren lokaci, domin ppm 15,000 ta amince da shi na minti goma sha biyar. Wasu takardun suna rubuta iyakokin da miligiram a kowane kubik mita, kuma a digiri 25 ana ninka ppm da 1.8 ne a samu wannan, ta yadda ppm 5,000 ya zama giram 9 a kubik mita, ppm 40,000 kuma giram 72.

Dalilin waɗannan iyakoki shi ne iskar tana da guba ta kanta, ban da korar oksijin da take yi. Idan ta narke a cikin jini takan ƙara masa tsami, kuma da wannan tsami ne ƙwaƙwalwa ke gane lokacin da ya kamata a ja numfashi, shi ya sa mutumin da ya shiga wurin da ta taru yake fara haki, hakin kuma ya ƙara cusa masa ita. A kashi biyu zuwa uku cikin ɗari numfashi yana zurfafa, kai ya fara ciwo. A kashi biyar ana samun jiri da bugun zuciya da rikicewar tunani. A kashi bakwai zuwa goma mutum yana iya suma cikin 'yan mintoci. Sama da haka kuwa suman yana zuwa bayan 'yan shaƙu kaɗan, mutuwa ta biyo baya idan ba a fitar da shi ba. Iskar ba ta da launi, ba ta kuma da warin da za a dogara da shi, kuma rikicewar tunanin da take jawowa ita ce ke hana mutum yanke shawarar ficewa a lokacin da ƙafafunsa ke iya ɗaukarsa.

Idan aka haɗa waɗannan alƙaluma sai a samu lissafin da ya kamata duk mai ajiye wannan iska ya yi kafin ya shigar da ita ɗaki. Ana ninka kilon da ke akwai da 0.55 a samu kubik mitan iskar, a raba da girman ɗakin, a ninka da ɗari. Ɗaki mai mita uku a tsawo, uku a faɗi, uku a tsayi yana da kubik mita 27, saboda haka giram 243 kawai, ƙasa da rubu'in kilo, sun isa su kai shi iyakar awa takwas. Tukunyar kashe gobara ta kabon dayoksaid mai kilo biyu, idan aka juye ta duka ƙofa na rufe, za ta kai shi kashi huɗu cikin ɗari, mai kilo biyar kuma kusan kashi goma. Lissafin yana ɗauka cewa iskar ta gauraye daidai ko'ina, abin da ba kasafai yake faruwa ba, domin ta fi iskar sarari nauyi da kusan ninki ɗaya da rabi, ga shi kuma tana fitowa da sanyi daga tukunya, sai ta kwanta ƙasa ta taru a rami da ƙarƙashin bene da kwanon firiza. Wanda ke tsaye zai iya jin lafiya lau alhali yaro ko wanda ya sunkuya yana cikin hatsari, kuma saboda wannan ne ake kafa na'urar gano ta kusa da ƙasa, ake kuma sa hanyar fitar da iska ta ja daga ƙasan ɗaki.

Tukunyar ajiya tana da nata sirrin da ke yaudarar ma'aikata da yawa. A cikinta iskar ruwa-ruwa ce saboda matsi, kuma muddin akwai sauran ruwan, agogon matsi zafin wurin yake nunawa, ba yawan abin da ya rage ba: kimanin bar 35 a digiri sifili, bar 57 a digiri 20, bar 72 a digiri 30, ko tukunyar na cike ko ta kusa ƙarewa. Bar ɗaya kusan daidai yake da matsin sararin sama a bakin teku, kuma ya yi daidai da psi 14.5 a ma'aunin Amurka, don haka bar 57 kimanin psi 830 ne. Hanyar sanin abin da ke ciki ita ce a ɗora tukunyar a sikeli a cire nauyin fankonta da aka buga a wuyanta, kuma wannan ne ya sa tukunyar kashe gobara ta kabon dayoksaid, wadda ake ganewa da baƙar alama da faffaɗan bakin feshi, ba ta zuwa da agogo kamar ta hoda. Abin da ya fi shafar ƙasashe masu zafi shi ne cewa a digiri 31.1 iskar tana kai wani mataki da bambanci tsakanin ruwa da iska ke gushewa, daga nan kuma matsin cikakkiyar tukunya yana hawa da sauri da kowane ƙarin zafi, har ya haura bar 100 a digiri 40. Tukunyar da aka bari a rana a bayan akori-kura, ko a cikin kwantenar kwano da tsakar rana, tana iya kaiwa inda faifan kariyar da ke jikin bakinta zai fashe ya saki duk abin da ke ciki lokaci guda, kuma idan an cika ta fiye da ƙima don a burge mai saye, hatsarin yana zuwa tun zafin bai kai haka ba. Ƙa'idar ita ce a ajiye ta a inuwa, ƙasa da digiri 50, a tsaye, a ɗaure da sarƙa don kada ta faɗi bakinta ya karye, kuma kada a riƙe bakin feshi da hannu tsirara, domin sanyin da ke fita yana ƙona fata.

Busasshiyar ƙanƙara ita ce wannan iska a daskare, kuma sanyinta digiri 78.5 ne ƙasa da sifili. A matsin sarari ba ta narkewa ta zama ruwa, kai tsaye take komawa iska, wanda ya sa ake jigilar samfurin jini da wasu alluran rigakafi da ita, kamar yadda aka yi da rigakafin korona na kamfanin Pfizer mai buƙatar sanyin kimanin digiri 70 ƙasa da sifili. Dunƙulen da bai wuce girman lita ɗaya ba yana zama iska fiye da lita 800, kuma daga wannan kumbura ne hatsarinta biyu suka samo asali. Idan aka toshe ta a kwalba ko kula mai rufe iska, matsin zai taru har mazubin ya tarwatse, saboda haka dole a bar mata mafita. Idan kuma aka ɗauke ta a cikin mota mai kimanin kubik mita uku gilasai na rufe, rubu'in kilo kawai da ya koma iska ya kai lita 140, wato sama da kashi huɗu cikin ɗari, a wurin da mutum ke riƙe da sitiyari. Kamfanonin jiragen sama ba sa barin fasinja ya wuce kilo 2.5, kuma a watan Fabrairun 2020 mutum uku sun mutu a birnin Mosko bayan an zuba kimanin kilo 25 a wurin wanka na cikin gini don a samu farin hazo a wajen biki, nauyin da ya yi daidai da kusan kubik mita 14 na iska kwance a saman ruwan da mutane ke iyo. Ana ɗaukar ta da safar hannu mai kauri da tabarau, ana barin ragowarta ta ƙare a fili, ba a zuba ta a magudanar ruwa.

Ba duk hatsarin ne ke zuwa cikin tukunya ba. Duk abin da ke numfashi ko ruɓewa ko tsima yana fitar da wannan iska, kuma manoman wake a arewacin Najeriya da Nijar suna cin moriyar haka a buhun nan mai ninki uku da ake kira PICS, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta ɓullo da shi, inda ƙwarin da ke ciki suke cinye oksijin su cika buhun da kabon dayoksaid har su daina ɓarna ba tare da an sa magani ba. Abin da ke kashe ƙwaro a buhu shi ne ke jiran mutum a babban rumbun hatsi da aka daɗe ba a buɗe ba, da tankin tsimi, da ramin masai, da tsohuwar rijiya. Masu haƙa da yasar rijiya sun daɗe suna zura fitila kafin su sauka, kuma dabara ce mai tushe, domin idan wutar ta mutu babu shakka wurin ba ya shiguwa. Sai dai cinta ba shaida ba ce ta aminci, saboda harshen wuta yana iya rayuwa a iskar da ke da kashi biyar cikin ɗari na kabon dayoksaid, a ramin masai kuma wutar tana iya tayar da iskar metan. Ko na'urar auna oksijin ta zamani tana da irin wannan rauni: iskar sarari tana da oksijin kashi 20.9, na'urar kuma galibi tana ƙara ne a 19.5, kuma kafin oksijin ya sauka zuwa nan kabon dayoksaid ta kai kusan kashi bakwai, ta wuce matakin barazana ga rai da nisa. Haka nan na'urar gano kabon monoksaid ba ta ganin ta, domin waccan iska ce dabam, mai fita daga janareta da gawayin da bai ƙone sosai ba, wadda ke kama jini ta yi kisa a 'yan ɗaruruwan ppm zuwa dubbai kaɗan.

Abin da ya fi ciwo a hatsarin rijiya da rami shi ne yadda yake cin masu ceto. A wani gargaɗi da NIOSH ta fitar a 1986 ta bayyana cewa fiye da kashi 60 cikin ɗari na masu mutuwa a irin waɗannan ƙuntatattun wurare waɗanda suka shiga ceto ne, kuma duk wanda ya san yadda ɗan'uwa ke faɗawa bayan ɗan'uwansa ba zai yi mamakin adadin ba. Riƙe numfashi ko ɗaure hanci da tsumma ba ya hana komai, haka ma takunkumin tace ƙura. Abin da ke aiki shi ne a hura iska mai kyau zuwa ƙasan ramin da fanka ko bututu kafin a sauka da lokacin da ake ciki, a ɗaure mai sauka da igiya a ƙirji, a bar mutane a sama da za su iya jawo shi ba tare da sun shiga ba, kada kuma a saukar da injin jan ruwa mai aiki da fetur cikin rijiyar. Wanda aka fitar a sume a kai shi fili, a fara danna masa ƙirji idan numfashi ya tsaya, a garzaya da shi asibiti ko da ya farfaɗo.

Mafi girman misalin abin da wannan iska ke iya yi ya faru ne a ƙasar Kamaru, ba da nisa da iyakar Najeriya ba. Tafkin Nyos, a yankin Arewa maso Yamma, yana zaune ne a bakin tsohon dutse mai aman wuta, zurfinsa ya haura mita 200, kuma iskar da ke tsattsafowa daga ƙarƙashin ƙasa ta daɗe tana narkewa a ruwan ƙasansa. Bisa ƙa'idar da William Henry ya bayyana a 1803, ruwa yana riƙe iska gwargwadon matsin da ke kansa, wadda ita ce ƙa'idar da masu lemun kwalba ke aiki da ita wajen cusa kimanin giram shida zuwa takwas a kowace lita, kuma tun da kowace mita goma ta zurfin ruwa tana ƙara kusan bar ɗaya, ruwan ƙasan Nyos yana ƙarƙashin matsin kimanin bar 20. A daren 21 ga Agustan 1986 ruwan ƙasan ya motsa ya taso, matsin ya ragu, iskar ta kuɓuce, ta gangara kwaruruka saboda nauyinta har zuwa nisan kimanin kilomita 25, ta kashe mutum 1,746 da dabbobi wajen 3,500 a ƙauyukan Nyos da Cha da Subum da kewaye, cikinsu har da Fulani makiyaya da garkunansu. Shekara biyu kafin haka, a Agustan 1984, Tafkin Monoun na ƙasar ya kashe mutum 37 ta irin wannan hanya. Ƙiyasin masana game da yawan iskar da ta fita daga Nyos ya kama daga tan dubu ɗari zuwa sama da tan miliyan ɗaya, wasu kuma da kubik kilomita suka rubuta shi, kuma da yake kubik kilomita ɗaya kubik mita biliyan ɗaya ne, kowanne mai nauyin kimanin kilo 1.8, ya yi daidai da kimanin tan miliyan 1.8.

Maganin da aka samo ya dogara ne da ƙa'idar da ta haddasa bala'in. A 2001 aka kafa bututu na farko daga saman tafkin zuwa ƙasansa, aka ƙara biyu a 2011, kuma da zarar an fara jan ruwan ƙasa sai iskar da ke cikinsa ta riƙa fita tana kumfa yayin da matsi ke raguwa, kumfar ta sa ruwan bututun ya yi sauƙi ya ci gaba da tasowa da kansa ba tare da inji ba, yana feshi sama gomman mita, iskar kuma tana watsewa a hankali a matakin da ba ya cutarwa. An yi wa Monoun irin wannan aiki daga 2003. Najeriya ma tana da ruwa da tsaki a lamarin, domin bangon dutsen da ke tare Nyos mai rauni ne, ruwansa kuma zai bi ta kogin Katsina-Ala idan ya ɓalle, kuma tare wannan ambaliya yana cikin dalilan gina madatsar Kashimbila a jihar Taraba. Tafki na uku mai irin wannan hali shi ne Kivu, tsakanin Ruwanda da Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, wanda ya fi Nyos girma nesa ba kusa ba, yana ɗauke da kabon dayoksaid da metan a ƙasansa, mutane wajen miliyan biyu kuma suna zaune a gaɓarsa, kuma a can Ruwanda tana zuƙo metan ɗin tana samar da wutar lantarki da shi.